Shekarar da Jebu Ta Tafi da Ɗana

Bana ma ruwa ya yi nawa. Kullum da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta kwashi ledojin bayan kasuwa, sannan ya watse ya bar mu da gumi. Ni da ba ni da ko gindin gero ɗaya a garin nan na Batsari, ban san abin da ya haɗa ni da hadari ba. Amma ga ni nan kullum a bakin ƙofa, wuya a sama. Tunda 'yan bindiga suka taso mu daga ƙauyenmu na bayan Zakka muke zaune a ɗakin haya mai rufin kwano, wanda da rana yake gasa mutum har ƙashi.

Cikin wannan zafin ne Rabi ta zo, 'yar babban ɗana Usman. Wai bincike take yi a jami'a kan mutanen da ke barin gidajensu, da yadda zaman lafiya ke lalacewa tsakanin maƙwabta, da haƙƙin da mai gudun hijira yake da shi. Na ce mata ashe gudu ma karatunsa ake yi, ai da na sani da na tsaya an ba ni takardar shaida, don na ƙware. Ta yi dariya, ta ajiye wayarta a kan tabarma tsakaninmu, ta ce za ta ɗauki muryata.

"Kaka, ranar da kuka baro gida nake so ki ba ni labari."

Na ce mata wannan ranar ba ta huce ba tukuna, ba zan taɓa ta ba. Amma in hijira take nema, ta farko a gidanmu ba tawa ba ce. Ta ubanta ce, kuma a zanin goyo ya yi ta.

Shekarar da aka canja kuɗi ce, aka bar fam da sule aka koma naira. Rediyon mai garinmu kullum cewa yake ƙasa ta yi arzikin man fetur. Mu dai man da muka sani na gyaɗa ne, shi ma a shekarar nan bai samu ba. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, kowa ya fita shuka da murna, har da ni da cikina ina bin maigidana ina rufe rami da ƙafa. Tsiro ya fito kore shar. Daga nan sama ta ɗauke. Muna kallo ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Aka sake shuka da aka samu yayyafi, ita ma ta ƙone. Ta uku da ragowar iri aka yi ta, har da wanda aka kankaro daga gindin rumbu. Geron ya tsaya iya ƙugu, ya fitar da kai siriri kamar yatsa. Dawa ko bununi ba ta yi ba. Gyaɗa kuwa in ka tuge sai ka ga kwanso, ka matsa ka ji iska.

Kakar shekarar nan babu gayya, babu ganga, babu 'yan mata masu kai fura gona. Maigidana shi kaɗai da jaki ya kwaso abin da Allah ya ba mu kafin rana ta take. Surukata, Iya, ta leƙa cikin rumbun, ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce a rufe.

Ni a gidanmu na haihu, kamar yadda ake yi wa ta fari. Na yi wankan jego da itacen da aka ƙididdige, na sha kunun kanwar da za ka iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Bayan arba'in aka dawo da ni ɗakina da yaro namiji. Sai na tsaya na yi wa Rabi bayani, don su 'yan yanzu har hoton ɗan fari suke liƙawa a waya suna kiransa da sunaye masu daɗi. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka faɗin sunansa. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yi masa wasa, in ya faɗi ba kai za ka fara tashi ba. In zan ba shi nono sai na shige ƙurya na kau da kai kamar ɗan wani aka ba ni aro. Iya ce mai goyo, ita ce mai rarrashi. Ni in zan yi maganarsa sai in ce "wancan". Ba don ba na sonsa ba. Son ma har ciwo yake yi mini a ƙirji, amma haka muka taras, kuma wadda ta karya sai a yi shekara ana ba da labarinta a bakin rijiya.

Akwai Fulanin da ke sauka a gonarmu duk kaka. Tun uban maigidana da uban Buba, mai shanun, ake wannan zaman. In an cire amfani sai su shigo da shanu su kafa bukkoki, shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki. Mu ba su damin gero, su ba mu nono. Rijiyar gari kuma ɗaya ce: da safe mata su ɗiba, da hantsi shanu su sha. Ba wanda ya rubuta wannan, ba wanda ya taɓa tunanin za a rubuta. Matar Buba ita ce Jebu, sa'ata, doguwa siririya mai bakin tsiya. In ta shigo da ƙwaryar nono a ka sai ta ce, "Kaɗo mai ƙaton tuwo, kin tashi ko sai an ɗaga ki?" Ni kuma in ce mata 'yar daji wadda ba ta san ƙofa ba. A shekarar nan ita ma tana goye da 'yar farinta, mace, ta ɗan girmi nawa kaɗan. Kunyarsu ma ta fi tamu tsanani. "Wannan abin" take ce wa yarinyar, ko kallonta ba ta yi in da mutane.

Rani ya shigo, abinci ya fara ja da baya daki-daki. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Daga nan ya koma kunu. Daga kunu aka koma dusa, wadda a da akuya ake ba. Sai busasshiyar tafasa, sai yaɗiya, sai 'ya'yan anza da ake jiƙawa ana zubar da ruwan kwana da kwanaki kafin ɗacin ya ragu, kuma ko ya ragu sai ka runtse ido kake haɗiya. Na ga manyan mata masu daraja sun durƙusa da fartanya suna tonon gidan tururuwa don su ƙwace ɗan hatsin da ta tara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun garin. Ƙauyen da tun asuba za ka ji luguden taɓare ta kowace kusurwa, sai ga shi hantsi ya yi ba turmi ɗaya da ya yi magana. In kuwa aka ji daka a wani gida, sai yara su taru a bakin danga su yi tsaye, ba roƙo, kallo kawai. Iska in ta kaɗo daga daji warin mushe take kawowa, ungulaye sun yi ƙiba har tashi yana yi musu wuya.

A cikin haka nonona ya ƙafe. Yaron zai kama, ya tsotsa, ya saki, ya tsala ihu. Ya sake kamawa. Iya ta gwada ba shi ruwan kunu, ta samo ɗan nonon akuya a maƙwabta, duka suka zame masa gudawa. Sauran masu goyo a garin kowace ta kanta take yi, nasu ma tsotson fata suke. Bayan 'yan kwanaki ya daina ihun. Sai ya buɗe baki kawai, murya ba ta fita. Maɗigarsa ta faɗa har za ka iya ajiye ƙwallon goriba a wurin. Maigidana yana fita tun asuba neman abin da za a sa a baki, ya dawo ya ga Iya da goyo, ya ɗauka barci yaron yake. Ni kuma da wane baki zan tare shi in ce ɗana zai mutu? Ba a yi.

Wani hantsi Jebu ta shigo da tsokanarta. Ta sauke ƙwarya, ta zauna, sai idonta ya faɗa kan yaron a cinyar Iya. Tsokanar ta tsaya. Ba ta tambayi komai ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke shi, ta juya ta fuskanci bango, ta sa shi a ƙirjinta. Ɗakin ya yi tsit, har na ji ƙarar haɗiyarsa, ƙut, ƙut, ƙut. Na rayu na ji kiɗi iri-iri, ban taɓa jin abin da ya kai wannan daɗi ba. Na sa bakin zani a baki na cije don kada kukana ya fito.

Washegari ta dawo. Jibi ma haka. Kullum da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, kamar mai talla. Wata rana da ta juya bango sai na ɗaga faifan. Ƙwaryar a bushe take ƙayau, ko danshi babu. Shanun sun daɗe da daina ba da na sayarwa. Ɗan abin da ake tatsa a wurin guda biyun da suka rage da ruwan nono, shi take sha, shi ne kuma yake zama abincin yaran nan biyu. Ƙwaryar dai don kada a tambaye ta me take zuwa yi gidan Haɓe kullum. Na mayar da faifan a hankali. Iya ma ta gani. Sai ta ɗauki al'adar ajiye ɗan ƙanzo ko dunƙulen dusa. In ta miƙa wa Jebu, sai ta ce, "Aradu na ƙoshi, Iya, yanzu na ci." Ƙarya take, wuyanta duk jijiya. Sai Iya ta jira ta juya bango, ta zura abin ƙarƙashin faifai. Mu uku muka yi ta wannan zaman, ba wadda ta taɓa furta kalma ɗaya a kansa, kuma ba namijin da ya sani.

Yaron ya fara dawowa. Maɗiga ta ciko, ya soma bin mutum da ido.

Sai bazara ta zo da irin zafin nan da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Rijiya ta ja baya. Guga zai tafi ya tafi, igiya ta ƙare, a ƙulla wata, ya dawo da rabin taɓo. Maza suka shiga suka yi yasa har suka tarar da dutse. Mata na kwana a tsaye a layi, kafin su gama rana ta take, ga shanu sun iso suna kuka, suna tura juna. Ranar nan wata saniya da ƙishi ya haukata ta kutsa cikin mata, ta ture tulun wata tsohuwa, ruwan da ta yini tana jira ya bi ƙasa. Ɗan tsohuwar ya ɗauki faskare ya sauke wa saniyar a ƙafa. Yaran Fulani suka zare sanduna. Allah ya tsare ba a zubar da jini mai yawa ba, amma an fasa kai, an kuma faɗi maganganun da ba a taɓa faɗa ba.

Da la'asar mai gari ya tara maza a gindin tsamiyar da ke jikin dangarmu. Ina daga ciki ina jin komai. Ba wanda ya zagi kowa, kowa murya ƙasa-ƙasa. Mai gari ya ce ruwan nan ba ya isar mutum da dabba, dole ɗaya ya haƙura. Aka juyo kan maigidana, tunda baƙinsa ne. Na ji ya yi gyaran murya ya ce abin da jama'a suka gani shi ma ya gani. Sai Buba ya ce, "Mun ji. Ruwa na Allah ne, amma rijiya taku ce. Jibi mu yi kudu."

Na dubi Iya. Na ce, "Iya, ki fita ki faɗa musu."

Ta ce, "Ɗiyar nan, yaushe tsohuwa ta taɓa tsoma baki a taron maza? In sun watse ki sanar da mijinki."

In sun watse magana ta riga ta zama dutse. Ban san lokacin da na fizge yaron daga bayanta ba. Na rungume shi a ƙirji, na fita ta ƙofar danga, na tsaya a gaban mai gari da liman da ƙannen surukina da duk wanda nake durƙusa wa in gaishe shi. Na ce, "Usman zai mutu."

Shi ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina. Dattawa suka sunkuyar da kai, kunyata ta kama su. Wani ya ce, "Subhanallahi." Ni kuwa tunda na fara sai na ƙarasa. Na ce nonona ya ƙafe tun tsakiyar rani, Jebu ce ke shayar da shi, in ta tafi sai dai su fara haƙa masa rami tun yau. Maigidana ya miƙe tsaye ya sake zama. Buba ya dube ni baki buɗe, ashe shi ma bai sani ba.

Liman ne ya fara samun murya. Ya ce in haka ne yaron nan ɗansu ne kamar yadda yake namu, shi da yarinyar Jebu ƙane da yaya ne har abada, babu aure tsakaninsu. Mai gari ya ce, "Yarinya, mun ji ki, kuma wallahi da zafi. Amma rijiya ba ta jin magana." Wani ya kawo shawarar Jebu ta zauna a gidanmu, Buba ya tafi da shanu. Buba ya girgiza kai. Ya ce abin da ke ƙirjinta daga shanun yake zuwa, in an raba ta da su kwana kaɗan za ta bushe kamar ni. A bar mata saniya ɗaya? Ciyawar da za ta ci fa, da ruwan? Na ce to ni in bi su. Ya ce, "Ki yi haƙuri, abin da muke tatsa ba ya ɗaukar wani babban baki." Haka taron ya watse, kowa ya san abin da ya rage, ba wanda ya iya faɗa.

Jebu ce ta faɗa. Ta shigo da safe, wannan karon babu ƙwarya. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Kaɗo, ba ni shi. In Allah ya kai mu kaka, gonarku za mu sauka."

Ranar tafiyar, Iya ta ɗaura masa laya a wuya. Na ciro zanen aurena na saƙi, wanda ban taɓa ɗaurawa ba sai da salla, na ba Jebu ta yi goyo. Ta sa nawa a baya ta tamke, tata kuma ta saɓa ta a gaba da wani tsohon ƙyalle. Shanun suka miƙa a jere, haƙarƙari a waje, bijimi ɗaya ɗauke da ƙorai da tabarmi. Na bi su har bakin burtali. Tunda na riga na zubar da kunyar, sai na yi kukana da ƙarfi, kowa ya ji. Jebu ba ta waiwayo ba. Abin da na gani na ƙarshe shi ne 'yan ƙafafunsa suna reto a gefen ƙugunta.

Bayan tafiyarsu maigidana ya bi motar itace zuwa Kaduna, inda aka ce kuɗin fetur na tayar da benaye, ya yi leburanci. Aka bar ni da Iya. Da aka ce gwamnati ta kawo jar dawa Safana, da ƙafa na je, na yini a rana cikin turereniya, na dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Tuwonta ja ne mai wari, amma mun ci mun gode. Duk wanda na ji an ce daga kudu ya fito, ko mai tallan kanwa ne, sai na aika a tambaye shi ko ya ga Fulani da mace mai goyo biyu. Wani ya ce ya gani, wani ya ce shanu na ta mutuwa a can saboda ƙudan tsando, wani ya ce bai lura ba. Mata a bakin rijiya suka fara ba ni haƙuri irin wanda ake ba mai takaba. Wata ta ce mini, "Ki sa a ranki kin yi ɓari, Allah ya ba ki wani." Na yi wata ban gaishe ta ba.

Ruwa ya sauka daga baya. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi, kwaɗi suka fara, maigidana ya dawo da rabin buhun garin rogo da tafin hannu duk kanta. Aka yi shuka da irin da aka rarraba. Wanda bai sani ba zai ce wahala ta ƙare, alhali yunwar damina ta fi ta rani mugunta. Ko'ina kore, ciki wayam. Mutum zai yi noma kunya biyu ya zauna, jiri na ɗibarsa. Tafasa muke ci safe da yamma har bakinmu ya yi kore. Iya ba ta kai ga sabon gero ba. Ƙafafunta suka kumbura, ta kwanta, kuma har ranar da ta cika tambayarta ɗaya ce, ko an ji kukan shanu ta burtali. Da aka gasa tumun farko aka miƙo mini, ƙamshinsa ya cika gidan, na kasa kai shi baki.

Kaka ta yi kyau daidai gwargwado. Wasu Fulani suka zo neman sauka a gonarmu, maigidana ya ce da masu ita. Ya bar karan a tsaye, bai ɗauki ko ɗaya na danga ba. Maƙwabta suka gama da nasu, tamu tana nan tana jira, har aka fara yi masa kallon wanda ya taɓu.

Ina tankaɗe da hantsi na ji sallama. Muryar ta dushe, amma na san ta. Jebu ce a bakin ƙofa, ƙwarya a ka, ta rame har na ga kamar ta ƙara tsawo. Zanen saƙina ne a jikinta, ya koɗe. Goyo ɗaya ne a bayanta. Gabanta babu komai.

Daga inda nake 'yan ƙafafu kawai nake gani, kuma ƙafar yaro ba ta faɗin ko na wane ne. Ta sauke ƙwarya ta durƙusa ta fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya muka ji da damina, yaya maigida, ina Iya. Na ce Iya ta rasu. Ta yi salati, ta yi addu'a mai tsawo, ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Ni ina amsawa, idona na kan ƙafafun nan. Sai da ta gama tsaf sannan ta kwance zanen ta sauke shi. Ya tsaya da ƙafarsa, ya riƙe gefen zanenta. Layar Iya na wuyansa. Na miƙa hannu, ya ɓuya a bayanta yana kiran "Inna, Inna," ita yake nufi.

Na ce, "Jebu, ina 'yar'uwarsa?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Ta tsaya a hanya." Sannan ta ɗaga faifan ta ce, "Kawo ƙwarya, Kaɗo, in zuba miki. Na yau ne, da ɗuminsa."

Daga baya Buba ya gaya wa maigidana. A can kudu shanun suka yi ta faɗuwa, har da ɗaya daga cikin masu ba da nonon. Abin da ke ƙirjin Jebu ya ragu, bai isar biyu. Kullum sai ta fara ba nawa ya ƙoshi, sannan ta ba tata abin da ya saura. Ya yi mata magana sau ɗaya, ta ce wannan amana ce, waccan kuwa tata ce, ba wanda zai tambaye ta. Zazzaɓi ya zo ya sami yarinyar ba ƙarfi. Suka binne ta a gindin wata bishiya a dajin da shi kansa ya ce ba zai iya gane wurin ba. Ko da ta sha ta ƙoshi zazzaɓin zai ɗauke ta? Allah ne ya sani. Ni dai ban taɓa tambayar Jebu ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar ba, har muka tsufa.

Ita ta yaye shi. Garin duka Na-Jebu suke kiransa, kuma duk kaka a ruga yake yini, ya iya tatsa kafin ya iya riƙe fartanya. Sannan takin zamani ya zo a buhu, mutane suka ga ba sai an jira shanu ba. Aka fara sayar da kara maimakon a bar shi. Aka ci burtali da noma kaɗan-kaɗan, har wanda na raka su ta cikinsa ya zama gonar masara. Su Buba suka rage zuwa, suka daina. Ganina da Jebu na ƙarshe a kasuwar Safana ne, haƙoranta sun zube, amma sai da ta ce mini mai ƙaton tuwo. Shekara guda kafin a taso mu na ji an ƙone rugarsu ta bakin daji, ban san wa ya fita ba, ban san wa ya rage ba. Waɗanda suka zo mana mu kuma, na ji Fulatanci a bakin wasu, na ji Hausa a bakin wasu, ban tsaya tantancewa ba.

Rabi ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Baba bai taɓa gaya mini ba."

Na ce, "A garin nan, a wannan zamanin, wa zai tsaya a kasuwa ya ce ya sha nonon ruga? Ubanki na da 'ya'ya, tsoro yake ji. Kada ki ga laifinsa."

Ta share ido da bakin hijabi, ta ce a ƙa'idar aikinsu ba a fitar da sunan kowa, za ta canja duka don kada wani ya cutu. Na ce ta canja nawa, ta canja na ubanta, ta canja na Jebu da Buba in ta ga dama, ko suna raye wani wuri. Amma akwai guda ɗaya da ban yarda ta taɓa ba, na 'yar Jebu. Mai shi ba abin da zai ƙara cutar da ita. Uwarta ba ta taɓa faɗinsa ba saboda kunya, ubanta ma haka, kabarinta ba wanda ya sani. Ni ma a bakin Iya na ji shi, ranar da ta dawo daga sunan.

Na jawo wayar kusa da bakina na faɗa. Na ce ta mayar in ji ko ya kama. Ta latsa, sai ga muryar wata tsohuwa tana rawa a cikin ɗakin.

"Sunanta Hajjo."